Cinikin tsofaffin kayan jirgin ƙasa: tambayoyi da amsoshi kan abin da ake saye da yadda ake yanka farashi

Duk wanda ya fara jin cewa an sayi guntun allon tagulla da aka kwance daga jikin mataccen jirgin ƙasa a kan kuɗin da zai sayi gida, sai ya riƙe baki. Harkar ta fi ƙarfi a Birtaniya, inda masoya jirgin ƙasa suke da ƙungiyoyi da mujallu da gidajen gwanjo nasu na kansu, don haka yawancin misalan da ke ƙasa daga can suke. Ga tambayoyin da aka fi yawan yi.

Wai waɗanne irin kaya ake magana a kai?

Duk abin da za a iya kwancewa daga jirgi ko tasha a ɗauka a kai gida. Sarkin kayan shi ne allon suna, wanda ake ɗaura wa kan jirgi a gefe da gefe, domin a zamanin jiragen kwal ana raɗa wa manyan kawunan jirage suna kamar yadda ake raɗa wa doki. Bayansa sai allon lamba, da ɗan ƙaramin allon maƙera mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera jirgin da shekarar ƙira, da usur, da fitilun ma'aikata, da agogon tasha, da allon sunan tasha. Akwai kuma ƙananan kayan cikin tarago: marikin ƙofa, ragar ɗora kaya, madubi, yadin kujera, har cokula da faranti na taragon cin abinci. Turawan Ingila suna haɗa su duka su kira su railwayana.

A Amurka an fi son ƙararrawa da fitilun hannu da kwaɗo da makullansa, sai allunan maƙera na kamfanoni irin su Baldwin da Lima. A Japan kuwa kamfanonin jiragen ne da kansu kan buɗe garejinsu wata rana su baje tsofaffin sassa, mutane su yi layi.

Ta yaya kayan hukuma suka faɗo hannun mutane?

Ta ƙofar gaba mafi yawansu suka fito. Gwamnatin Birtaniya ta karɓe manyan kamfanonin jiragen ƙasa huɗu ta haɗe su a ƙarƙashin hukuma ɗaya a farkon 1948. A 1963 rahoton shugaban hukumar, Dokta Richard Beeching, ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layin dogo kusan mil 5,000, kuma a watan Agustan 1968 jirgin kwal na ƙarshe ya ja fasinja a babban layin hukumar. Cikin 'yan shekaru dubban kawunan jirage suka tafi wurin masu yankan ƙarfe, aka rushe tashoshi barkatai. A wurin hukumar duk wannan tarkace ne. Wanda ya rubuta takarda yana son allon sunan wani jirgi sai a auna masa kusan a kuɗin ƙarfensa, 'yan fam kaɗan, a ba shi rasit. A 1969 ma hukumar ta buɗe kanti kusa da tashar Euston a Landan, mai suna Collectors' Corner, ba don komai ba sai sayar da irin waɗannan kaya.

Masu sayen farko yawanci samari ne da suka tashi suna tsayawa a bakin dandamalin tasha da ɗan littafi suna rubuta lambar kowane jirgi da ya wuce, sai kuma direbobi da masu zuba kwal da ke son abin tunawa da jirgin da suka ƙare ƙuruciyarsu a cikinsa. Ba wanda ya saya da niyyar riba a lokacin. Makwabta ma kallon masu tara shara suke yi musu.

To yanzu nawa ake sayar da su?

Tazarar tana da faɗi ƙwarai. A 2004 an sallama allon sunan wani jirgin kwal mai suna Golden Fleece a kan fam 60,000, kuma wannan farashi ya daɗe ba a doke shi ba. A watan Nuwamban 2018 wani allon da shahararren jirgin kwal Flying Scotsman ya taɓa ɗauka ya kai fam 64,500. Waɗannan su ne ƙololuwa. Allon sunan jirgin da bai yi fice ba yakan tsaya a 'yan dubbai, allon tasha daga ɗaruruwa zuwa dubbai, fitila ko marikin ƙofa kuwa fam goma-goma ne.

Abin da ke ba ni mamaki har yau shi ne wannan: a 1963 Alan Pegler ya sayi Flying Scotsman ɗungurungum, kan jirgi mai rai da lafiya, a kan fam 3,000. Ko da an yi lissafin faɗuwar darajar kuɗi, guntun allonsa ɗaya a yau ya kama ƙafar abin da aka biya wa jirgin gaba ɗaya.

Me ya sa alluna biyu masu nauyi ɗaya da ƙira ɗaya za su bambanta a farashi har ninki goma?

Domin ba tagullar ake saye ba. Da nauyi ake bi, da mai sikeli ya raba gardama tun tuni. Abin da ake biya shi ne suna, da labarin da ke bayan sunan, da shaidar cewa labarin gaskiya ne.

Na farko, dangin jirgin. Golden Fleece ɗan gidan A4 ne, jiragen da Sir Nigel Gresley ya tsara, guda 35 kacal aka ƙera. A cikinsu ne Mallard ya yi gudun mil 126 a awa ɗaya ranar 3 ga Yulin 1938, gudun da har yau babu jirgin kwal da ya kamo shi. Kowane jirgi allo biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, ga wasu sun shiga gidajen tarihi ba za su ƙara fitowa kasuwa ba. Kwatanta wannan da dangin Hall na kamfanin Great Western, waɗanda aka ƙera fiye da 300 idan aka haɗa da ƙannensu da aka yi wa gyaran fuska. Allunansu suna da kyau, haruffan tagulla ne a kan farantin ƙarfe mai lanƙwasa, amma da wuya a yi babban gwanjo ba a ga ɗaya ba. Abin da ya yi yawa dole ya yi araha.

Na biyu, daɗin sunan kansa. Ko a cikin dangi ɗaya, sunan sarki ko na gwarzon yaƙi ko na garin da mutane ke alfahari da shi ya fi sunan wani gidan gona da ba wanda ya san inda yake. Idan aka yi dace attajirai biyu 'yan gari ɗaya suka haɗu a kan allon sunan garinsu, ranar mai kaya ya tashi da sa'a.

Haka abin yake ga allon tasha da suke kira totem, mai tsawon kamar inci 36, wanda aka rufe da fenti mai sheƙi irin na kwanon samira. Kowane yanki da launinsa: Kudu kore, Yamma ruwan ƙasa, Gabas shuɗi mai duhu, Scotland shuɗi mai haske, yankin Midland ja mai duhu, Arewa maso Gabas ruwan lemo. Babbar tasha takan sami alluna da yawa rataye a jikin fitilu, don haka nata ba ya wahalar samu. 'Yar ƙaramar tashar ƙauye da aka rufe a zamanin Beeching, wadda ƙila alluna huɗu ko shida aka taɓa yi mata, ita ce ake kokawa a kanta. Sau da yawa tashar da ta fi kowace talauci tana raye ita ce ta fi tsada bayan ta mutu.

Na uku, takarda. Allon da ya zo da rasit ɗin hukuma na shekarun 1960, ko wasiƙar da aka aika wa mai saye na farko, ko hoton jirgin ɗauke da shi, ya fi wanda ya zo tsirara. Ni a ganina wannan ne sashen farashin da ya fi cancanta, domin takardar ce ke raba kayan tarihi da kayan kwalliya.

An ce akwai jirage masu sunan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa. Da gaske ne?

Da gaske. A shekarun 1930 kamfanin LNER ya raɗa wa 25 daga cikin jiragensa na dangin B17 sunayen ƙungiyoyi, ciki har da Arsenal da Liverpool da Everton da Manchester United. A ƙarƙashin sunan akwai rabin ƙwallo na tagulla da launin rigar ƙungiyar. Ko jirgi ɗaya daga wannan dangi bai tsira daga yanka ba, kuma da yawa daga allunan an miƙa su kyauta ga ƙungiyoyin. Idan ɗaya ya fito gwanjo, kasuwa biyu ce ke haɗuwa a kansa, ta masoya jirgi da ta masoya ƙwallo.

Akwai ma wanda ya shafe mu kai tsaye. Dangin Jubilee na kamfanin LMS, guda 191 da aka ƙera tsakanin 1934 da 1936, da yawansu sunayen ƙasashen daular Birtaniya suka ɗauka. Mai lamba 45619 sunansa Nigeria. Mai lamba 45610 ya fara da Gold Coast, aka sauya masa zuwa Ghana a 1958 bayan ƙasar ta sami 'yanci. Guda huɗu ne kawai suka tsira daga dangin, kuma waɗannan biyun ba sa cikinsu.

Yaya ake gane na jabu?

Kama da wane ba wane ba ce. Ana yin kwafi a bayyane don ado, kuma wannan ba laifi ba ne muddin an faɗa. Matsala tana tasowa ne idan kwafin ya shekara talatin a gareji ya yi duhu, mai shi ya rasu, magada suka kawo shi kasuwa da zuciya ɗaya suna zaton na asali ne.

Masana sukan fara da juya allon su dubi bayansa. Allon da ya yi shekaru a jikin jirgi yana da baƙin hayaƙi da maiƙo da suka shige cikin ƙarfen, ramukan noti sun ɗan ci saboda girgiza, wani lokaci da lambar da aka buga a gareji. Sannan awo. Maƙerin da ya taɓa zubi ya san cewa ƙarfe yana ɗan tsukewa idan ya huce, saboda haka kwafin da aka zuba daga allon asali yakan fito ƙarami da ɗan kaɗan, haruffansa kuma ba su da kaifin baki. Ana duba nauyi, ana duba siffar haruffa a gwada da tsofaffin hotuna. Ƙananan allunan gareji, masu nuna garejin da jirgi ke kwana, da na maƙera su aka fi yi wa jabu, don zubinsu ba wuya. Wanda ya sayi irin wannan ta intanet da hoton fuska kaɗai, bai ga baya ba, cinikin biri a sama ya yi.

In na samu allo mai tsatsa, in goge shi in yi masa sabon fenti?

Kada ka yi gaggawa. Masu saye da yawa sun fi biyan allon da yake yadda aka kwanto shi, da dattinsa da komai, domin dattin nan shaida ne. Idan lallai sai an gyara fuska, a bar bayan yadda yake. Wanda ya kai allo aka kankare shi gaba da baya har ya yi ƙyalli ya goge rabin hujjarsa da hannunsa.

Farashin da aka buga guduma a kai, shi ne abin da zan biya?

A'a. Gidan gwanjo yana ɗora la'adarsa a kan mai saye, yawanci kashi goma da wani abu cikin ɗari, sannan a ɗora harajin VAT a kan la'adar. Mai kaya shi ma ana cire tasa la'adar. Ga kuɗin dako, kuma allon suna na iya kai nauyin da mutum ɗaya zai sha wahalar ɗagawa. Mai kaya yakan kuma sa ƙaramin farashin da ba zai sallama a ƙasa da shi ba, idan tayi bai kai nan ba sai a ce albarka, kaya ya koma gida. Ka yanke iyakarka tun kafin a fara, ka haɗa da duk waɗannan.

Me ya sa masoya jirgi ke gunaguni idan kamfani ko gidan tarihi ya sa farashi a kan kayan taragon da ya yi ritaya?

Nan ne gardamar ta fi zafi. Lokacin da aka janye tsofaffin taragun layin Metropolitan na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a 2012, bayan sun yi aikin shekara hamsin, gidan tarihin sufurin birnin ya ceto ragogin ɗora kaya ya riƙa sayar da su a kantinsa. Hukumar sufurin New York ma tana sayar da alamun tasha da marikan hannu da kujerun tsofaffin taragunta. Ƙorafin da akan ji shi ne: kayan da kuke shirin jefarwa, wanda a sikeli bai kai kuɗin shayi ba, don me za ku tsawwala masa kuɗi? Wasu kuma suna cewa masu ƙawata shaguna da gidajen abinci sun shigo sun kore ainihin masoya, waɗanda suka hau jirgin nan kullum zuwa makaranta.

Ina jin zafin wannan magana, amma ban yarda da ita duka ba. Kwance raga ɗaya daga tarago aiki ne: sai an biya ma'aikaci, an tabbatar ba abu mai cutarwa a jikinta, an wanke, an adana, an yi dako. Mai yankan ƙarfe ba ya ɓata lokaci a kan wannan, ya fi masa sauƙi ya murƙushe taragon gaba ɗaya. Sannan mun sha gani, idan aka sayar da araha, dillalai ne ke kwashewa da safe su sa a intanet da yamma a ninki uku, ribar ta tafi aljihun da bai taɓa share ko dandamali ɗaya ba. Gara kuɗin ya shiga asusun gidan tarihi ya gyara wani jirgin.

Inda nake tare da masu ƙorafi shi ne wajen rabo. Ya kamata a ware wani kaso a farashi mai sauƙi ga ma'aikatan da suka yi aiki a jirgin da ƙungiyoyin sa-kai, a kuma taƙaita adadin da mutum ɗaya zai saya. Kuma kowane yanki ya fita da takardar da ke faɗin lambar taragon da aka ciro shi. Wanda ya karɓi kuɗin kayan tarihi ya ba da kaya ba tarihi, bai cika ciniki ba.

Cire kaya daga tsohon jirgi ceto ne ko ɓarna?

Ya danganta da ko jirgin yana da sauran rai. Labarin filin Woodham Brothers a garin Barry na kudancin Wales ya isa misali. Kawunan jirage 297 aka kai can don a yanka, amma mai filin, Dai Woodham, ya ga yankan taragun kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, sai ya bar kawunan suna jere a bakin teku. Daga 1968 zuwa 1990 ƙungiyoyin masoya suka yi ta tara kuɗi suna fansa ɗaya bayan ɗaya, har guda 213 suka fita da rai. Sai dai a tsawon shekarun da suka yi a filin, hannaye sun yi ta shiga suna kwance famfuna da bututun jan ƙarfe da agogunan awo, wasu da izini don gyaran wani jirgin, wasu kuwa a ɓoye. Waɗanda suka fanshi jiragen ƙarshe ƙwarangwal suka samu, suka shafe shekaru suna ƙera abin da wani ya ajiye a kan kabad. Usur ɗin da ke falonka, idan jirginsa na nan yana jiran gyara, wurinsa jikin jirgin ne.

Birtaniya ta yi doka a 1996 da ke ba da damar a ware wasu kayan jiragen ƙasa masu muhimmanci a hana zubar da su ko sayar da su sai da izini. Ta zo a makare ga zamanin kwal, amma ta tsare na baya.

Zan iya ɗaukar wannan a matsayin jari?

Ba na ba da wannan shawara. Farashi yana bin shekarun masu saye. Waɗanda suka ga jiragen kwal da idonsu suna yara sun tsufa, tarin kayansu yana dawowa kasuwa ta hannun magada, kuma allunan da ba su yi fice ba sun sauko daga inda suka kai a farkon shekarun 2000. A gefe guda allunan jiragen dizal irin su Deltic, waɗanda 22 kawai aka ƙera, sun yi daraja, domin yaran shekarun 1970 su ne masu kuɗi a yanzu. Kowane zamani jirgin ƙuruciyarsa yake saye. Fitattun sunaye ƙalilan ne ke riƙe darajarsu ko yaushe.

A Najeriya fa? An nuna min wani allon tagulla a wurin 'yan gwangwan, an ce na reluwe ne.

Mai yiwuwa ne, domin tarihin yana nan. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. An yi ƙaramin layi daga Zariya zuwa Jos wanda aka rufe a 1957. Kawunan jirage da yawa daga Ingila aka kawo su ɗauke da allunan maƙera, ciki har da dangin da kamfanin Vulcan Foundry ya fara ƙerawa a 1948 aka raɗa musu sunayen koguna.

Amma ka tambayi yadda allon ya fito. Duk abin da ke kan layi ko a gareji ko a tasha mallakar hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ne, ko da ya shekara arba'in a cikin ciyawa, sai fa abin da ta sayar da kanta a gwanjo da takarda. Satar ƙarafan dogo ta yi wa ƙasar nan illa babba, tana jefa rayukan fasinjoji cikin haɗari, kuma abokin ɓarawo ɓarawo ne. Idan babu takarda, kada ka biya. Idan kuma gado ne daga kaka ko uba da ya yi aikin reluwe, ka zauna da dattawan gida ka rubuta sunansa da tashar da ya yi aiki da shekarun, ka ajiye tare da kayan. Akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta a Legas, ga wanda yake son ganin yadda ake adana irin waɗannan abubuwa. Abin da ke damuna shi ne a nan sikeli ne kaɗai ke yanka farashi, allon da ya ga zamanin dalar gyaɗa yana iya ƙarewa a tukunyar narka a kuɗin kilo biyu.

Akwai haɗari ga lafiya?

Akwai. Tsofaffin jirage an naɗe tukunyarsu da bututunsu da asbestos, wani farin abu mai kama da auduga wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kuma ana samunsa a bangon tsofaffin taragu da na'urorin ɗumama su. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma. Kada a kankare shi a busashe a cikin ɗaki, kada a bar yara su yi wasa da shi.

Mai ƙaramin ƙarfi da me zai fara?

Da takarda. Tsofaffin tikitoci na kwali, jadawalin tafiyar jirage, takardar dakon kaya, maɓallan rigar ma'aikata, hotuna. Ba su da tsada, ba su cin wuri, ba a cika yi musu jabu ba, kuma tikiti ɗaya yana ɗauke da sunan tashoshi biyu da kuɗin tafiya da kwanan wata. Ka zaɓi layi ɗaya ko gari ɗaya ka bi shi. Ka sa kowane abu a leda marar ɗanshi, nesa da rana da gara, ka rubuta da fensir a wata takarda daban inda ka samo shi da ranar da nawa ka biya.